Darasi na 9: Asali, Gaurayen Jini da Sunayen da Muke Kiran Juna

Idan aka tambayi mutum "ɗan ina ne kai?", garinsu ake son ji. Idan aka ce "mene ne asalinku?", an koma kan kakanni da inda suka taso kafin su zauna nan. Idan kuwa aka ce "wane yare ne kai?", to mai tambayar ya riga ya yanke a ransa cewa wanda ke gabansa ba Bahaushe ba ne. Tambayoyi uku ne, kuma mutum ɗaya yana iya ba kowace amsarta daban bai yi ƙarya ba. Ku ɗauki wanda aka haifa a Zangon Barebari cikin birnin Kano. A unguwa Babarbare ne, don kowa ya san gidansu daga Borno suka zo. Ya je Zariya, Bakano ne. Ya sauka a Sabo ta Ibadan, Bahaushe ne. Ya isa Makka, Takari ne. Mutumin bai sake ba, mai tambaya ne ya sake.

A wannan darasi za mu duba yadda waɗannan sunaye suka samu, da dalilin da ya sa a yau ake matsa wa mutum ya zaɓi guda ɗaya tak.

Lokacin da ƙasa ta fi ƙabila

Kakanninmu na shekara ɗari uku da suka wuce sun fi kiran kansu da sunan ƙasarsu: Bakano, Bakatsine, Bagobiri, Bazazzagi, Bakabe, Bazamfare, Badauri. Harshe ɗaya suke yi, amma hakan bai hana Kano da Katsina gwabza yaƙi shekara da shekaru ba, bai kuma hana Gobirawa cin Birnin Zamfara a ƙarni na 18 ba. Abin da ke nuna ko kai wane ne a lokacin shi ne sarkin da kake bi da askar da ke fuskarka. Gobirci daban, Kabanci daban, tsagar Barebari daban, kuma wanzami ne ke yanka wannan shaida ranar suna. Idan yaƙi ko harin bayi ya raba yaro da iyayensa, da ita ake gane danginsa. Yanzu tsaga tana ɓacewa. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ma ta hana yin ta.

Labarin Bayajida da muka taso muna ji yana da abin lura a nan. Masana tarihi ba su ɗauke shi a matsayin abin da ya faru kalma da kalma ba, kuma tabbas akwai masu jin Hausa a ƙasar nan tun kafin lokacin da labarin ke nufi. Amma ku dubi yadda aka tsara shi. Baƙo ne ya taso daga Bagadaza, ya yi aure a Borno, ya zo Daura ya auri sarauniya, ya kuma haihu da baiwar da ake kira Bagwariya. Waɗanda suka riƙe wannan labari suka miƙa wa jikokinsu ba su ji kunyar cewa kakan sarakunansu baƙo ne ba. Gori a ciki ɗaya ne, wato rabon Hausa Bakwai da Banza Bakwai, kuma shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba, tun da an jefa Kabi da Zamfara cikin "banza" alhali Hausa suke yi tun fil azal.

Unguwannin Kano

Wanda yake son ganin yadda baƙo ke zama ɗan gari, ya zaga cikin ganuwar Kano yana karanta sunayen unguwanni. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, kuma ana danganta Madabo da zuriyarsu. A zamanin Yakubu (1452–1463) Fulani malamai suka zo da littattafai. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shehu Magili ya sauka, kuma unguwar Sharifai ta zuriyarsa ce. Ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Agadasawa. Ga Dandalin Turawa, wanda ya samo suna tun lokacin da Larabawan Arewacin Afirka ne ake kira Turawa, kafin Nasara su zo su gaje sunan. A bayan ganuwa, ga Kantin Kwari, inda Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan, suka kafa shagunan yadi.

Jikokin yawancin waɗannan mutane ba su jin Wangaranci ko Nufanci ko Barbarci. Hausa ce harshen da suke mafarki da shi. Duk da haka sunan asalin bai mutu ba: ana tuna shi wajen neman aure, wajen kirari, wajen wasa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na fataken goro. Agalawa da Tokarawa kakanninsu daga wajen ƙasar Abzin suka gangaro suka zauna a ƙasar Katsina da Kano. Kambarin Barebari kuwa daga Borno. Su ne suka riƙe hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu Salaga, suna dawowa da goro a kan jakuna. A can kurmi su ne fuskar Hausawa, daga bakinsu mutanen Asante suka fara jin Hausa. Alhassan Ɗantata (1877–1955), wanda aka haifa a Bebeji ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa, daga Agalawa ya fito. Wa zai tashi yau ya ce gidan Ɗantata ba Hausawa ba ne?

Harshen kansa yana ɗauke da sawun baƙin. Sarautun Galadima da Ciroma da Yarima daga Borno suka zo. Ayari da takobi daga Abzinawa. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne kawu da baffa da goggo, kalmomin da ke tsakiyar gida, waɗanda yaro ke koya kafin ya iya tafiya. Daga Fulatanci muka aro su, kuma ba a kasuwa ake aron irin waɗannan kalmomi ba. Auratayya ce ta shigo da su.

Haɓe, Fulani da "Hausa-Fulani"

Kalmar Haɓe ba Hausa ba ce. A Fulatanci kaɗo shi ne wanda ba Bafulatani ba, jam'insa haɓe, kuma Fulanin Mali ma haka suke kiran Dogon. Bayan jihadin 1804 aka riƙa amfani da ita wajen bambanta tsofaffin gidajen sarauta da sababbi. Alwali ne sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano. Sarakunan Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi, na Gobir suka zauna a Tsibiri, na Zazzau suka kafa Abuja wadda yanzu ake kira Suleja. Daura ce ta koma hannun tsohon gidanta a 1906.

Sai dai wanda ya ɗauki jihadin a matsayin yaƙin Fulani zalla da Hausawa zalla ya sauƙaƙa abin fiye da kima. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Batoranke ne, amma da Hausa da Fulatanci ya yi wa'azi, kuma babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a ƙasar Agadas ya yi zama. Abdussalami na Gimbana, wanda rikicin jama'arsa da Gobir ya kunna wutar, Bahaushe ne Ba'are. Yakubun Bauchi da ya karɓi tuta ba Bafulatani ba ne. Nana Asma'u (1793–1864) ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, domin matan da take karantarwa ta hannun 'yan taru da yawansu Hausa kaɗai suke ji. A Zazzau gidajen sarauta huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Dukkansu ana lissafa su cikin Fulani, amma uku daga cikin sunayen ƙasar da aka baro suke nunawa: Mali, Borno, Katsina.

Cikin 'yan zuriyoyi kaɗan Fulanin da suka zauna a biranen Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato suka koma yin Hausa a gida. Su ake kira Fulanin gida ko Fulanin soro. Malam Aminu Kano daga Genawa ya fito, kuma da Hausa ya yi duk gwagwarmayar NEPU. Mamman Shata, wanda ba a yi mawaƙin Hausa da ya kai shi suna ba, jinin Fulani ne.

Daga wannan cuɗanya aka ƙago kalmar "Hausa-Fulani". Ba a ƙauye ko a ruga aka haife ta ba. A rubuce-rubucen Turanci da jaridu da siyasar ƙarni na 20 ta yi ƙarfi, kuma a Nijar, inda Hausawa suka haura rabin jama'ar ƙasa, da wuya ka ji wani ya kira kansa da ita. Tana da gaskiya a wuri guda: akwai miliyoyin mutane da idan aka ce su ware jinin Hausa da na Fulani a jikinsu ba za su iya ba. Amma tana rufe mutane da yawa. Bafulatanin Adamawa mai yin Fulatanci da 'ya'yansa ba ta bayyana shi ba. Bororon da ke bin shanu ba ta bayyana shi ba. Manomin Gobir da bai san Bafulatani ko ɗaya a danginsa ba, shi ma haka. Tun da rikicin 'yan bindiga da 'yan sa-kai ya yi ƙamari a Zamfara da Katsina da Sakkwato, an sami masu cewa a raba kalmar biyu kowa ya kama gabansa. Wanda ya ce shi Bahaushe ne kawai, ko Bafulatani ne kawai, haƙƙinsa ne, kada a yi masa dole. Amma mai neman a tsaga jama'a gida biyu sai ya fara gaya mana inda zai ajiye yaron da baffansa ke wannan ɓangare, kawunsa ke wancan.

Uba ke ba da suna

A al'adarmu ɗa na bin uba. Idan uba Banufe ne, ɗa Banufe ne ko da uwa da kaka da kakar kaka duk Katsinawa ne. Wannan ƙa'ida tana sauƙaƙa gado da sarauta, amma tana ɓoye mafi yawan gaskiya. Ku ƙirga da kanku: kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kakannin kakanni 16. Sunan ƙabilar da yake amsawa na mutum ɗaya ne cikin 16 ɗin. Sauran 15 suna cikin jininsa, ba sa cikin sunansa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa mahaifinsa Bageri ne, mahaifiyarsa Bafulatana, kuma littafinsa Shaihu Umar da Hausa ya rubuta shi. Janar Sani Abacha asalinsa Barebari ne, amma haihuwar Kano ne, tashin Kano.

Akwai wata hanyar gaurayar da ba a cika son ambatonta ba, ita ce bauta. A ƙarni na 19 an kawo ɗimbin mutane daga ƙasashen kudancin Zazzau da Bauchi da Adamawa da Gwari aka zuba su a rumada da gidajen birni. 'Ya'yan da bayi suka haifa a gidan ubangiji su ne cucanawa, kuma da Hausa suka buɗe baki. Idan kuwa ubangiji ne ya haihu da kuyangar da ya sa ɗaka, shari'a ta ce ɗan ɗa ne cikakke, yana gado, yana iya sarauta, uwar kuma tana samun 'yanci ranar da ubangijin ya rasu. Ta haka jinin ƙabilu da yawa ya shiga manyan gidaje ta ƙofar uwa ba tare da sunan gidan ya motsa ba. Turawa sun shelanta cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Nijar ta mai da ita laifin da ake hukuntawa a 2003. Amma har yau akan ji tsohuwa ta rage murya wajen binciken aure ta ce "a dai bincika asali". Sau da yawa wannan take nufi. Mai gorin nan da zai bi dangin uwarsa baya zuwa hawa huɗu, mai yiwuwa ya sassauta.

Addini ma ya shiga cikin lissafin

A wurare da yawa na tsakiyar Najeriya, idan mutum ya musulunta ya sa babbar riga yana yin Hausa, danginsa kan ce "ya zama Bahaushe". A ɗaya gefen kuma ga Maguzawa a ƙauyukan Kano da Katsina da arewacin Zazzau, da Azna a Nijar, waɗanda suka daɗe riƙe da addinin gargajiya. Ba su da wani harshe sai Hausa, ba su kuma zo daga ko'ina ba, amma an daɗe ana maganarsu kamar wata ƙabila dabam. Ga kuma Hausawa da Fulani Kiristoci, musamman na Wusasa. Daga cikinsu aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mafi yawan Hausawa Musulmi ne, wannan ba musu. Amma mafi yawa ba duka ba ne.

Bahaushe a waje

Da zarar an bar ƙasar Hausa sunan yakan faɗaɗa. A zangon Kumasi ko Nima ta Accra, Bazabarme da Babarbare da Bafulatani da Bamoshe duk Hausa ta haɗa su, kuma mutumin gari yakan kira su da suna ɗaya. A Sudan abin ya juya: Bahaushe da Babarbare duk Fallata ne, wato an lulluɓe su da sunan Fulani. Da yawansu jikokin alhazai ne da suka tsaya a hanyar Makka, wasu kuma na waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da har yau ke amsa sunansa a bakin kogin Nilu.

Zaman lafiya ne ke barin waɗannan sunaye su yi ta yawo. Ranar da hukuma ta ce kowa ya kawo takarda, sai su daskare. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana, kuma cikin waɗanda suka fita har da mutanen zango da aka haifa a can, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba. Najeriya ta yi irin nata korar a 1983.

Gurbi ɗaya a takarda

A Najeriya ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, saboda haka duk wanda ya kawo muku adadin Hausawa ko na Fulani daidai wa daida, kintace ya yi. Amma abin da ƙidaya ta ƙi tambaya, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma tana tambaya. Sai da ita ake shiga soja ko aikin gwamnati, da ita ake neman tallafin karatu. Tushenta tsarin raba daidai ne da ya shiga kundin tsarin mulki a 1979, don kada wani yanki ya cinye muƙamai. Niyyar mai kyau ce. Matsalar ita ce takardar gurbi ɗaya gare ta, mutum kuwa mun ga yana da amsa uku ko huɗu.

A Jos akwai Hausawan da kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza, suna kiran kansu Jasawa, yayin da Birom da Anaguta da Afizere ke cewa ƙasar tasu ce. Gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, tana cikin abubuwan da suka haddasa zubar da jini a 2001 da 2008. Mace da ta yi aure a wata jiha kuwa takan faɗa tsakani: jihar uba ta ce ta tafi, jihar miji ta ce ba tata ba ce.

Ya kamata ku san abin da doka ta ce, don ya sha bamban da abin da aka saba. Kundin 1999, a sashe na 318, ya ce mutum ɗan jiha ne idan ɗaya daga cikin iyayensa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ɗan asalin wata al'umma ce ta jihar. Uwa ta isa, kaka ta isa. Sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garinsu ko yanayin haihuwarsa. A 1980 gwamnatin tarayya ta kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ta kai shi Chadi bisa cewa mahaifinsa ɗan can ne. Kotu ta ce korar haramtacciya ce, kuma asalin mahaifiyarsa na cikin abin da ya tsayar masa da hujja.

Suna mai ciwo da suna na wasa

Muna jin zafi idan ɗan kudu ya kira mu "aboki" da sigar raini, ko Bayarabe ya ce "Gambari". To, mu ma muna da namu. Mutanen da muke kira Gwari, Gbagyi suke kiran kansu, kuma suna ji sarai idan muka ce wa wanda bai iya abu ba "bagware". Tibi ba sa son Munci. Ibo ba sa son Inyamuri. "Arne" da "ɗan ƙabila" sun zama duwatsun jifa, sai ka ce Bahaushe shi ba ƙabila ba ne. Ga wanda iyayensa suka fito daga jinsi biyu, "ruwa biyu" ba ta da laifi a wurin mutane da yawa, amma "barbarar yanyawa" zagi ne tsagwaronsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi mutum sunan da yake so, a kira shi da shi.

Wannan bai shafi taubasantaka ba. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawansa a bainar jama'a a yi dariya, wani lokaci har a karɓi kuɗin shara. Bambancinsa da gori a bayyane yake: duka biyun sun yarda da wasan, kowa yana da damar ramawa, kuma ranar da wani abu ya sami ɗaya, abokin wasan ne kan riga kowa zuwa.

Aikin aji

1. Kowa ya rubuta sunayen kakanninsa huɗu, da garin da aka haifi kowanne, da harshen da yake yi a gida. Wanda bai sani ba ya tambayi dattijan gidansu kafin zama na gaba, ya kuma fara da dangin uwa.

2. Ku kawo sunayen unguwanni ko ƙauyuka uku na yankinku da ke nuna inda mazaunansu na farko suka fito. Har yanzu ana jin harshen asalin a can?

3. Wata mata haifaffiyar Kaduna ce, mahaifinta Banufe daga Bida, mahaifiyarta Bakatsina, mijinta ɗan Gombe. A wace ƙaramar hukuma za ta nemi takardar shaidar asali, kuma a ina 'ya'yanta za su nema? Ku rabu gida biyu ku tattauna, sannan ku gwada amsarku da abin da sashe na 318 ya ce.